Tambayoyin Masu Karatu: Kyamarar Gida, Ma'ajiyar Intanet da Manhajojin Waya

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk sun karkata wuri ɗaya, wato tsoron kada abin da mutum ya ɗauka sirrinsa ne ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu aikowa kamar yadda muka saba.

Wata uwargida daga Zariya ta rubuto: "Maigidana ya sa an kafa mana kyamarorin tsaro guda huɗu, biyu a ƙofar gida, ɗaya a falo, ɗaya tana kallon tsakar gida. Yaron da ya kafa su shi ne ya saka manhajar a wayar maigida, shi ne kuma ya zaɓi kalmar sirri. Ni kuwa a tsakar gidan nake wuni ba mayafi, nan nake wa yara wanka. Shin wani na waje zai iya kallonmu?"

Hajiya, zai iya, kuma mutum na farko da ya kamata ki sa a lissafi shi ne yaron da ya kafa kyamarorin. Ba ina zarginsa da mugun nufi ba ne, amma duk wanda ya san sunan shiga da kalmar sirri, ko ya ɗauki hoton lambar da ke manne a jikin na'urar naɗar hotunan, yana iya buɗe tsakar gidanki a wayarsa ko yana Legas. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a suna barin gidajen da suka yi wa aiki a cikin wayoyinsu, wai don idan an kira su gyara su duba daga nesa, kuma sau da yawa kalmar sirri ɗaya suke sa wa kowane gida don kada su manta. Na taɓa tsayawa a shagon wani mai irin wannan aiki, sai ya so ya nuna mini kyawun kayansa, ya buɗe wayarsa yana shafawa: ga shagon magani, ga harabar wani gida da mota a ciki, ga wata mata tana shanya. Shi a ganinsa talla yake yi mini, bai ma lura da abin da ya nuna ba.

Hanya ta biyu ita ce kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta, wadda yawanci ba ta wuce lambobi a jere ba. A shekarar 2014 an gano wani shafin intanet mai suna Insecam da ke nuna hotunan kai tsaye daga kyamarori sama da 73,000 a ƙasashe daban-daban, kuma masu shafin ba su fasa komai ba, kalmomin sirrin masana'anta kawai suka gwada suka shiga. Bayan shekara biyu, a watan Oktoba na 2016, wata muguwar manhaja da ake kira Mirai ta bi kyamarori da na'urorin naɗar hoto tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 da aka san masana'antu na amfani da su, ta kame dubban ɗaruruwa, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka. Wannan matsala ce ta sa Birtaniya ta fara aiki da wata doka a watan Afrilu na 2024 da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka. Kayan da ake shigo mana da su ba wannan doka a kansu.

Hanya ta uku ita ce kamfanin kansa, idan kyamarar tana tura hotuna zuwa rumbunsa. A 2023 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta tuhumi kamfanin Ring, mallakar Amazon, da barin ma'aikatansa suna ganin bidiyon mutane ba tare da wani shamaki ba, har ta ce wani ma'aikaci ya shafe watanni yana kallon dubban bidiyon mata a ɗakunan kwanansu. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. Idan haka ta faru da kamfanin da ke da suna da adireshi da hukuma a kansa, sai a yi tunanin kyamarar da ba ta da ko sunan kirki a jikin kwalinta.

Abin da nake ba ku shawara shi ne maigida ya zauna da kansa ya canza kalmar sirri, ta manhajar da ta na'urar naɗar hoton duka biyun, sannan ya duba cikin manhajar inda ake jera wayoyin da aka ba izinin kallo, ya cire duk wadda ba ta gidan ba. Idan asusun da lambar yaron ko imel ɗinsa aka buɗe shi, canza kalmar sirri ba za ta wadatar ba, sai an mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta a sake buɗe sabon asusu da lambar maigida. A kuma duba ko kyamarar falon tana ɗaukar murya, domin da yawa suna yi, a kashe.

Amma ta tsakar gida, ni a ganina a cire ta, ko a juya ta ta kalli katanga da saman rufi. Ginin Bahaushe tun asali ya raba zaure da cikin gida don baƙo ya tsaya inda aka ajiye shi, kuma ɓarawon da ake tsoro ta ƙofa ko ta katanga zai shigo, can ya dace ido ya tsaya. Idan maigida ya nace sai an bar ta, to a raba ta da intanet ta riƙa naɗa a cikin na'urar da ke gida kawai. Zai rasa damar leƙawa daga kasuwa, amma wani ma ba zai leƙa ba. Kada kuma a manta a sanar da 'yar aiki da baƙin da ke kwana cewa akwai kyamara a falo, haƙƙinsu ne su sani.

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari a Kano ya ce: "An ƙwace mini waya a bara, na rasa hotunan kaya da rasit da lissafin mutanen da nake bi bashi. Yanzu an ce in riƙa ajiye komai a Google. Amma ai wannan miƙa musu sirrin kasuwancina ne. Mene ne gaskiyar lamari?"

Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ake kira ajiya a intanet ba wani abu ba ne illa ka ba wani kamfani kayanka ya ajiye a cikin manyan kwamfutocinsa, kamar yadda kake ba mai sito dilolin atamfa. Tambayar da ta dace ka yi ita ce irin wadda za ka yi wa mai siton: a hannun wa makulli yake? A tsarin Google Drive da Google Photos, da OneDrive na Microsoft, kayanka a kulle suke yadda ɓarawon hanya ba zai karanta ba, amma kamfanin yana riƙe da makulli. Na'urorinsa suna iya bincika abin da ke ciki, kuma idan kotu ta ba da umarni zai miƙa. Amurka tana da doka tun 2018 da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Akwai kuma masu ba da ajiyar da makulli ke hannunka kai kaɗai, kamar Proton Drive na ƙasar Suwizalan, ko wani tsari na musamman da Apple ya fito da shi a ƙarshen 2022 wanda sai mai wayar ya kunna da kansa. Sai dai wannan tsaro yana da tsada ta wata fuskar, domin ranar da ka manta kalmar sirri kuma ka ɓatar da lambar ceto, kamfanin ba shi da yadda zai yi ya buɗe maka.

To amma in faɗa maka gaskiya, hotunan shadda da leshi da lissafin bashin 'yan Kwari ba su ne abin da ya dami wani ma'aikaci a Kalifoniya ba. Haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne wa ya buɗe maka asusun Gmail ɗin. Mutane da yawa ranar da suka sayi waya a Farm Centre ko titin Beirut suke miƙa ta ga yaron shago ya "saita", shi ya zaɓi sunan, shi ya sa kalmar sirri, wani lokaci ma lambarsa ya sa a matsayin lambar ceto, mai wayar ya tafi bai san ko ɗaya ba. Irin wannan asusu idan ka zuba masa lissafinka, ka zuba ne a akwatin da wani yake da makullinsa, kuma ranar da wayar ta sake ɓata kai ne ba za ka iya shiga ba. Saboda haka kafin ka ɗora ko hoto ɗaya, ka tabbatar ka san kalmar sirrin, ka canza ta, ka sa lambarka ta ceto, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga, ka rubuta lambobin ceton da za a ba ka a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

Sannan ka raba kayan naka kashi biyu. Hotunan kaya da rasit su tafi Google, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, amma ka sani wannan wurin haɗe yake da na Gmail, idan ya cika saƙon imel ma zai daina shigowa. Apple da Microsoft gigabait 5 suke bayarwa. Takardun fili, hoton katin ɗan ƙasa, lambar BVN da makamantansu kuwa, ko dai su tafi ma'ajiyar da makulli ke hannunka, ko su tsaya a filas guda biyu da ke wurare daban-daban. Ka kuma tuna cewa tun watan Disamba na 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, don haka ba wurin da za ka zuba kaya ka manta da su ba ne.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya tambaya: "Abokaina sun ce Telegram ya fi WhatsApp sirri. Wasu kuma suna amfani da GB WhatsApp saboda yana nuna saƙon da aka goge. Wanne zan riƙe?"

Abokanka sun juya maganar. Tun watan Afrilu na 2016 duk saƙon WhatsApp, har na zauren hira, a kulle yake tun daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Telegram ba haka yake ba: hirar yau da kullum da ta zaure tana zaune a kwamfutocin kamfanin da makulli a hannunsu, sai idan ka buɗe abin da suke kira hirar sirri tsakaninka da mutum ɗaya. A watan Satumba na 2024, bayan kama shugabansa Pavel Durov a Faransa, kamfanin ya sanar cewa zai riƙa miƙa lambar waya da adireshin intanet na waɗanda ake tuhuma idan hukuma ta zo da umarni na doka.

Raunin WhatsApp a wani wuri yake. Kamfanin Meta, mai mallakar WhatsApp, bai san abin da ka rubuta ba, amma ya san da wa kake magana, da yaushe, da irin wayarka. A kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne hukumar kare masu sayen kaya ta Najeriya, wato FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Haka nan kwafin hirar da wayarka ke turawa Google Drive ba ya samun wancan kulli sai ka shiga saiti ka kunna da kanka, damar da aka samar tun 2021. Wanda yake son abin da ya fi tsauri sai ya nemi Signal, wanda wata gidauniya da ba ta neman riba ke gudanarwa, matsalarsa kawai ita ce za ka shiga ka tarar mutanenka ba sa ciki.

GB WhatsApp kuwa ka cire shi yau. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba, ba ya cikin Play Store, ba ka san wanda ya haɗa kwafin da aka tura maka ta Xender ba, kuma ka ba shi lambobin mutanenka da hotunanka da makirufo. Ban da haka WhatsApp yana rufe layin da ya kama yana amfani da shi.

Wani malamin Islamiyya daga Gusau ya rubuto: "Manhajar lokutan salla da nake amfani da ita tana neman izinin sanin inda nake a kowane lokaci. Dole ne in ba ta?"

Allah Ya gafarta Malam, ba dole ba ne. Lokacin salla ana lissafa shi ne daga matsayin gari da kwanan wata, kuma kowane digiri ɗaya tsakanin gabas da yamma minti huɗu ne kawai. Tsakanin Kano da Gusau bambancin azahar kimanin minti bakwai ne, amma tsakanin unguwa da unguwa a cikin Gusau bai kai minti ɗaya ba. Saboda haka sunan garin ya ishe ta, kuma kusan duk irin waɗannan manhajoji suna da wurin da mutum zai rubuta garinsu da hannu. Alƙibla ma haka take.

Tambayar Malam tana da tarihi. A watan Nuwamba na 2020 jaridar intanet ta Motherboard ta wallafa binciken da ya nuna cewa manhajar Muslim Pro, wadda aka sauke sama da sau miliyan 98 a lokacin, tana tura bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. A Janairun 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta hana wannan dillali sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane wurare irin su asibitoci da wuraren ibada. Abin lura a nan shi ne manhajar kyauta tana buƙatar abin da za ta ci, kuma sau da yawa mai haɗa ta yakan saka wani ɗan ɓangare na kamfanin talla a ciki ba tare da ya bi diddigin inda bayanan ke ƙarewa ba.

Malam ya shiga saitin waya, ya nemi sashen izini, ya duba jerin manhajojin da ke ganin wurin da yake. Wayoyin Android tun sigar 10 suna ba da zaɓin "sai lokacin da ake amfani da ita", daga sigar 12 kuma ana iya ba da kusan wuri maimakon ainihin wuri. Yana nan zai ga abin mamaki, irin fitilar waya da ke neman lambobin mutane, ko manhajar Alƙur'ani da ke neman tarihin kira. Duk wadda ta nemi abin da aikinta bai shafa ba a hana ta, idan ta ƙi aiki a nemi wata.

Wata ma'aikaciya daga Kaduna ta ce: "Na ci bashin naira dubu 20 a wata manhaja, na yi jinkirin kwana biyar, suka aika wa surukata da shugabana a wurin aiki saƙo cewa ni 'yar damfara ce. Ina da wani haƙƙi?"

Kina da shi, 'yar'uwa. Bashi dai sai an biya, amma tozarta ki a wurin mutanen da ba su tsaya miki ba saɓa doka ne. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, da hukumar NDPC da ke karɓar ƙorafi a kanta, ita kuma FCCPC tun 2022 take yi wa masu ba da bashi ta waya rajista, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Ki ɗauki hoton saƙonnin daga wayoyin waɗanda aka aika wa, tare da lambobin da suka aiko da kwanan wata, ki kai ƙorafi ga hukumomin biyu. Masu karatunmu na Nijar suna da tasu hukumar kare bayanan, HAPDP, na Gana kuma dokarsu tana nan tun 2012.

Masu manhajar sun samu lambobin mutanenki ne ranar da kika danna "na yarda" lokacin saka manhajar. Tun ƙarshen watan Mayu na 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store neman lambobin mutane da hotuna, shi ya sa marasa gaskiyar suka koma turo mahaɗi ta saƙo suna cewa a sauke daga nan. Ki janye izinin yanzu, ko da yake abin da suka riga suka kwafa yana hannunsu.

Wani ango daga Bauci ya tambaya: "An ba mu kyautar talabijin mai shiga intanet da wata lasifika ta Alexa. Gaskiya ne suna sauraren mutane?"

Allah Ya ba da zaman lafiya. Lasifikar tana kasa kunne ne tana jiran a kira sunanta, sai ta naɗi abin da ya biyo baya ta tura wa Amazon, kamfanin da ya yi ta, amma takan yi kuskure ta farka da wata kalma mai kama da sunan. A 2019 aka bayyana cewa ma'aikata suna sauraren wasu daga cikin muryoyin da aka naɗa don gyara aikinta, a 2023 kuma Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 kan tuhumar ajiye muryoyin yara fiye da kima. Tun da ba ta jin Hausa, amfaninta a gidanku bai wuce kiɗa da agogo ba, don haka kada ta kwana a ɗakin amarya, kuma akwai maɓalli a samanta da ke kashe makirufo, zai nuna jan haske idan an danna.

Talabijin ɗin kuma abin da kuke kallo ya fi damunsa. A 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 bayan an same shi yana tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. Ka shiga saitinsa ka nemi wurin da ake maganar bayanan kallo da talla ka kashe, idan kuwa da dish kawai kuke kallo, kada ma ka ba shi kalmar sirrin wayfai ɗin gidan.